Sista Mastura da Raunin da Ba Ya Ciwo

Kafin masu shara su gama da farfajiyar asibitin haƙori, Sista Mastura ta riga ta sauko daga raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, jaka a hammata, farin mayafi a ka. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa sai ta murɗa famfo ta ga ko akwai ruwa. In babu, da kanta take jido shi a bokiti. Daga nan ta dafa kayan aiki, ta jera su a faranti, sannan ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara ta dire shi a bakin ƙofar ɗakin tiyatar baki. Wannan gwangwanin namu ne, mu masu tumbak, garin tabar nan da kanwa da muke dunƙulawa mu cusa tsakanin leɓe da dasashi. Ko kai wane ne, ba ka shiga ɗakinta da shi.

"Baba, fito da ajiyarka."

"Ba komai a bakina, 'yata."

"To leɓen naka ciki ne da shi? Tofar."

Haka take. Ba ta da sakin fuska, kuma ban taɓa jin ta ce wa mara lafiya sannu sau biyu ba. Sama da shekara talatin tana riƙe leɓunan mutanen Wad Madani da ƙauyukanta likitoci na yanka, tana tsane jini, tana cire zare. A watan nan ta ajiye aiki. Ba jaridar da ta ambace ta, shi ya sa ni Hamadnil, tsohon malamin firamare, na ce bari in faɗi abin da na gani da idona, tun bakin nawa yana iya faɗa.

Ni da abokina Dafalla tare muka fara tumbak muna samari, tare kuma farin tabo ya fito mana a cikin leɓen ƙasa, daidai inda muke ajiyar. Nawa ya ɗan riga nasa kaɗan. Dafalla mutum ne mai baki, in ya zauna a wurin mai shayi ba mai sake jin muryar wani. Duk kaka yakan kwashi lebura ya kai su gonakin Gadarif yankan riɗi, shi ne shugabansu. Da ƙyar na ja shi asibiti, yana tafe yana cewa ni dai tsoron mutuwa ne zai kashe ni.

Lokacin akwai wata matashiyar likita, Dakta Ishraga, tana bincike. An kawo musu sabuwar na'ura mai yanka da haske, leza, tana so ta gwada ta gani: raunin leza da raunin askar tiyata, wanne ya fi saurin warkewa a cikin baki, wanne ya fi ciwo, wanne ya fi barin tabo. Ta yi mana bayani tsaf, ba ta ɓoye komai ba, muka yarda. Da ƙuri'a ake rabawa. Ni aska ta faɗo mini, Dafalla leza.

Wayyo, aska! Allurar kashe zafi na sakina na san an yi mini aiki. Leɓena ya kumbura ya zazzago kamar na raƙumi, baƙin zare ya yi cirko-cirko a ciki yana sukar harshena. Ko kunu sai ta gefen baki nake zuƙa. Shi kuwa gogan, ɗan ƙauri kawai muka ji, irin na babbakar kan akuya, shi ke nan. Ba jini, ba ɗinki, ba kumburi. Washegari na same shi a wurin mai ful yana dumbuza wake da barkono.

"Ustaz, zo ka ci mana! Au, na manta, an yi maka ɗinkin buhu."

Na yi masa daƙuwa, don magana ba ta fita.

"Ka ga ni wuƙar haske aka yi mini, irin ta manyan mutane. Kai kuwa ta mahauta. Kowa da matsayinsa, Ustaz, kada ka yi fushi da Allah."

Dukanmu an ce mu koma, an faɗa an nanata, domin naman da aka yanke an tura shi ɗakin gwaji. Ni ba sai an roƙe ni ba. Mutum da zare a baki ina zai je? Kullum harshena na tuna mini. Dafalla kuwa cewa ya yi, "Me zan koma yi? Ba zare, ba ciwo. Riɗi ya nuna, mutane na jirana." Ya hau mota ya tafi.

Ranar da na koma, Mastura ta cire mini zaren, ta ɗora wani ɗan ma'auni a gefen raunin ta ɗauki hoto don binciken likita. Wurin ya haɗe, sai ɗan tauri. Ta ce nawa sakamakon ya fito lafiya, in dai na bar tumbak. Ban gama hamdala ba ta ce, "Ina abokin naka mai surutu?"

"Ya tafi Gadarif."

Ta ajiye almakashin a hankali. "Mun yi ta kiran wayarsa ba ta shiga."

"Ai can cikin gonaki ba a samun kowa sai an gama yanka."

"In na tashi aiki za ka kai ni gidansa."

Ba tambaya ba ce. Da yamma na kai ta. A tsakar gida, a gaban matarsa Bahita da wan matar, Jubara, ta faɗi abin da ke nan. Naman Dafalla ya nuna ciwon daji. Abin da ya fi muni, zafin leza ya ƙona gefen naman da aka yanke, masu gwaji sun kasa ganewa ko an cire duka ko an bar saura a leɓen. Dole a sake buɗewa, da wuri. Bahita ta ja mayafi ta rufe fuska, ko kuka ta kasa.

Jubara ne ya yi magana, kuma abin da ya faɗa kowane ɗayanmu zai iya faɗa, domin a haka muka taso. A wurinmu ba a gaya wa mutum wannan ciwon. Ko sunansa ba a kira. Dangi su sani, shi a ce masa ɗan ƙurji ne.

"Sista, ki bar shi ya gama yankan nan cikin kwanciyar hankali. In ya dawo mu lallaɓa shi, mu ce allura ce ta rage. Faɗa masa ai kashe shi ne."

"Yaushe za su gama?"

"Ya danganta. In sun gama riɗi wani sa'in sukan zarce dawa."

"To ka ji," in ji ta, ta miƙe.

Ranar hutunta ta ƙarshen mako muka kama hanya, ni da ita. Ba asibiti ne ya aike ta ba, ba aikinta ba ne, kuma ba wanda zai tuhume ta da ta zauna a gida. Daga Gadarif muka hau bayan wata a-kori-kura, muka shiga baƙar lakar nan da damina ta bari da ramuka. Mace mai jikoki, tana riƙe da ƙarfen mota, ƙura ta mayar da farin mayafinta ruwan ƙasa. Na ce ta ci ko dabino ne, ta ce sai an isa. Muka yi ta tambaya daga wannan sansani zuwa wancan, har rana ta take muka hango tarin riɗi an jingine shi yana shan iska, da mutane a duƙe da lauje.

Tun daga nesa Dafalla ya gane mu. Ya jefar da lauje ya taho da gudu yana ihu.

"Ustaz mai ɗinkin buhu! Da Sista da kanta! Yau wace rana? Kai, ku kamo bunsurun nan, ku yanka!"

"Kada a yanka komai," in ji Mastura. "Ba ci ya kawo ni ba."

"Ki zo tun daga Madani ki ce ba za ki ci ba? A gaban mutanena? Na rantse da igiyar aurena, in ba ki ci naman nan ba Bahita ta saku!"

Wannan rantsuwar mazanmu ba sa jin nauyinta. Malamai sun yi wa'azi har sun gaji. Da ita ake tsare baƙo a ci abinci, da ita ake hana aboki biyan kuɗin shayi, kuma kullum baƙon ne ke saki, don ba mai son ya kashe auren mutane a kan kwanon nama. Dafalla ya yi ta sau ɗari a gabana, bai taɓa faɗuwa ba.

Mastura ta ajiye jakarta. Ta sa aka zuba mata ruwa ta wanke hannu, ta zaro safar hannu daga jaka, ta nuna masa wani buhu a inuwar rumfa.

"Zauna. Buɗe."

Yana buɗewa ta sa yatsa ta ƙwaƙulo dunƙulen tumbak, daidai kan raunin ya ajiye shi. Ta yar. Ni ina tsaye ina kallo. Tsakiyar wurin ya yi fari-fari, bai gama rufewa ba, haka raunin leza yake, a hankali yake cikowa. Amma gefe ɗaya ya yi tudu. Ta matsa shi, ta matsa, sannan ta zura yatsu ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Na ga hannunta ya tsaya wuri ɗaya. Ta kamo hannunsa ta ɗora a wurin.

"Ka ji wannan?"

"Kaluluwa ce. Ƙura ce da rana."

"Ba kaluluwa ba ce. Dafalla, ciwon daji ne da kai. A leɓe ya fara, kuma ina tsoron ya fara sauka wuya."

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, ni da na riga na sani. Ban taɓa jin an faɗa wa mutum kalmar nan a fuskarsa ba. Leburan da ke kusa suka sunkuyar da kai suka ja baya. Dafalla ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya.

"Sista, ba ya ciwo fa. Ko kaɗan. Na Ustaz ne ya yi ciwo."

"Na sani. Da ya yi maka ciwo da ka dawo da ƙafarka, ba sai na zo ba."

Ya ce riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye kwanson fashewa yake ya zube a ƙasa. Ya ce ya yi wa mai gona alkawari. Ya ce mutanen nan shi ya kwaso su daga gidajensu, in ya tafi wa zai tsaya musu. Ya ce da an gama zai zo, ya rantse, ya sake rantsewa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Ta bar shi ya gama, ba ta katse shi ba.

Ana nan aka kawo naman, yana tururi, da kisra, gurasarmu ta dawa, a faifai. Aka dire a gabanta. Mastura ta dubi kwanon, ta naɗe hannuwanta a cinya.

"Bismilla, Sista."

"Ba zan ci ba."

"Haba, ai kin ji na rantse."

"Na ji. Kowa ma ya ji. Zan ci naman nan, amma a cikin mota, kai kana zaune kusa da ni, mun hau kwalta. In ba haka ba, ka aika wa Bahita ta tattara kayanta."

Tabɗi! Dafalla ya juyo. Ya dube ni.

"Ustaz, yi mata magana mana!"

"Ni na ce ka rantse?"

Ya yi roƙo, ya yi faɗa. Ya ce wannan ba addini ba ne, ta ce rantsuwar tasa ce addini? Ya ce mace ba ta yi wa namiji haka a gaban mutanensa. Ta ce ta rufe idon maza da yawa da suka fi shi murya. Ya tashi ya koma gona ya ɗauki lauje, wai ya yi fushi. Ita ko gezau. Naman ya huce, kitse ya daskare a kai, ƙudaje suka taru, wani ya kawo faifai ya rufe. Inuwar rumfar ta gusa, ta ja buhunta ta bi ta. Ruwa kawai take kurɓa. Wajen la'asar na lura hannunta na rawa, gumi na tsattsafo mata a goshi. Daga baya na ji ashe ciwon suga ne da ita, kuma tun safe ba abin da ta sa a ciki. Na matsa na ce ta ci ko loma ɗaya a ɓoye, ba wanda zai sani. Kallon da ta yi mini, ko ɗan aji ɗaya ban taɓa yi wa irinsa ba.

Dafalla na yanka yana waiwaye. Shi ma ya ga rawar hannun. Can sai ya tsaya, ya yi jifa da laujen, ya durƙusa a cikin karan riɗi ya fashe da kuka kamar yaro. Ba wanda ya je kusa da shi. Da ya gama ya share fuska da hannun riga, ya kira babban cikin leburan ya damƙa masa aikin, ya zo ya ɗauki kwanon naman da kansa ya hau mota. Mu ma muka hau. Da tayar motar ta taɓa kwalta ya buɗe kwanon ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, ta ɗauki tsoka ɗaya mai sanyi ta ci.

Ina so in ce daga nan komai ya yi daidai, amma ba haka aka yi ba. A Khartoum aka yi masa aikin. Aka cire leɓen ƙasa gaba ɗaya, da wani yanki na muƙamuƙi, aka buɗe wuyan aka kwashe abin da ke ciki, sannan aka yi ta gasa wurin da na'ura. Ya dawo gida da jelar rawani a naɗe a rabin fuska, yawu na zuba ba ya iya tare shi. Ya daina zuwa wurin mai shayi. Ya daɗe yana jin haushinta, ba ya ɓoyewa. Ya taɓa rubuta mini a ƙasa da tsinke cewa da ta bar shi da ya mutu da fuskarsa. Na kai mata maganar, don na ga ya kamata ta sani. Ta ce, "Yana da gaskiyarsa. Ka ce masa ranar duba shi ta kusa, kada ya makara."

Dakta Ishraga ta gama bincikenta, kuma ta rubuta gaskiya. Leza ta fi sauƙin ciwo, ba ta zubar da jini, tabonta ya fi laushi, ba ya janye leɓe. Raunin aska ya fi saurin rufewa, gefen namansa kuma ya fi karantuwa a wurin gwaji. Kowanne da inda ya fi. Amma ta ƙara wani abu da ba shi ta fita nema ba: cikin waɗanda ba su dawo ba, mafi yawa 'yan leza ne. Ba laifin na'ura ba ne, ba na likita ba. Mu ne haka, in abu bai yi mana ciwo ba mun warke ke nan.

Waɗannan da ba su dawo ba, Mastura, ke ce kika bi su. Wa ya sa ki? Masu raksha sun san ki a unguwannin da ko 'yan sanda ba sa son shiga da damina. Wani kin same shi a kasuwar dabbobi kin janye shi daga tsakiyar ciniki. Wata tsohuwa a ƙauye ta sakar miki kare. Wasu kin isa kin tarar da rumfar makoki a ƙofar gida, kika zauna cikin mata kika yi gaisuwa, kika koma asibiti washegari kika dafa kayan aiki kamar ba abin da ya faru. Ke ce mai bin sawun marasa ciwo, ke ce kika ɗauki zagi da haushin mutane a madadin godiya, kuma ba ki taɓa cewa kin gaji ba sai da ƙafafunki suka faɗa.

An yi mata ɗan taron sallama a farfajiyar asibitin, da rana, shayi da biskit. Ma'aikata suka yi jawabi, aka ba ta bargo da agogon bango. Na tambayi wani babba a wurin wa zai riƙa bin waɗanda ba su dawo ba yanzu. Ya ce ai babu irin wannan muƙamin a tsarin aiki. Haka ne, babu. Ina roƙon matasan da ke ɗakin nan, da na kowane ɗaki irinsa, in kun sallami mutum ba zare a bakinsa, ku san inda yake kwana, ku san inda yake tafiya da kaka. Ku kuma 'yan'uwana masu ajiya a leɓe, in an ce ku koma, ku koma.

Ana shirin tashi sai ga Dafalla, Bahita na riƙe da hannunsa. Ya rame ƙwarai. Wani ƙullutu ya sake fito masa a ɗaya gefen wuyan, kuma likitocin Khartoum sun ce wannan ba na yankewa ba ne. Ya sani, don yanzu ba a ɓoye masa komai. Ya ratso mutane har gabanta, ya warware jelar rawanin a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba a waje. Wasu suka kau da kai. Ita ba ta kau ba, ta dube shi kamar yadda take duban kowane baki.

Ya buɗe baki zai kira sunanta. Sunan kuwa da haɗa leɓe ake fara shi. Ya gwada, iska kawai ta fita da yawu. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ta zaro auduga daga jakarta ta goge masa haɓa, ta ce, "Na ji, Dafalla. Zauna kada ka faɗi."

Bai zauna ba. Ya juyo ya kama hannuna ya matse, ya nuna ta, ya nuna bakina. Shi ya sa na rubuta wannan. Mastura, in ji Dafalla, ya gode. Mastura, Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar ƙafa da ta ido, ya sa in kin yi naki ciwon a sami wanda zai biyo ki har gida.